Sista Babba da Kunnen Oga

Akwai wata ma'aikaciyar jinya a wani asibiti da kowa ke kira Sista Babba. Ita ce shugabar nas-nas a ɗakin kwantar da maza. Ta daɗe a wurin, har wasu likitocin da ke ba ta umarni yanzu ita ta koya musu neman jijiya. In hannun majinyaci ya gagari kowa, ita ake kira. Za ta zo ta shafa, ta ɗan bubbuga, kafin mutum ya ce wash allura ta shiga.

Abu ɗaya ne ya gagare ta, shi ne kwamfuta.

Da asibitin ya daina aiki da fayil na takarda, sai aka girke kwamfuta guda a kan teburin nas-nas. Aka ce daga yanzu komai na majinyaci a ciki za a riƙa sawa, zafin jiki ne, magani ne, allura ce, har abin da likita ya faɗa a zagayen safe. Kowace nas aka ba ta lambar sirrinta.

Sista Babba takan sauke tabarau kan hanci, ta riƙa farautar harafi da yatsa ɗaya. Ba mai yi mata dariya a gabanta, amma ta san ana yi a ɗakin canza kaya.

Ga na'urar da nawa. Kafin wannan nas ta fita waccan ta shiga da lambarta, wanda ke jiran magani ya gaji da nishi. Don haka Sista ta ɓullo da dabara. Da safe za ta buɗe da lambarta ta bar ta a buɗe, kowa ya yi aiki a kai. Sun san an hana, amma aiki na tafiya.

A cikin wannan hali aka fara raɗe-raɗin za a rage ma'aikata, kuma wai da waɗanda kwamfuta ta gagara za a fara.

Maganar ba ta gama lafawa ba, sai ga Babban Likita, wanda a bayan idonsa suke kira Oga, ya shigo da wata baƙuwa. Siririya ce, ba kayan asibiti a jikinta, sai jaka a kafaɗa. Ya ce daga jami'a take, tana bincike kan yadda ake amfani da wannan tsari na kwamfuta a asibitoci, a ba ta haɗin kai.

Bayan ya fita, baƙuwar ta gaishe su da ladabi. Ta ce ba ta zo auna kowa ba, na'urar ta zo aunawa. Za ta zauna ta kalli yadda aiki ke gudana, ta yi 'yan tambayoyi, wadda ba ta so ta amsa ba dole. Ta ƙara da cewa ta yi alkawari ba sunan wanda zai fita daga bakinta.

Wannan alkawarin ne ya sa Sista Babba ta sha jinin jikinta. Ta ce a ranta, wanda bai zo ɗibar sunaye ba, me ya kawo masa zancen suna?

Tana fita Sista ta tara nas-nas ɗinta a ɗakin magani ta turo ƙofa. Ta ce su buɗe ido. Mutumin da Oga ya riƙo hannunsa ya kawo, a daidai lokacin da ake maganar kora, ba sai an yi musu fassara ba. Duk abin da ta tambaya, amsa ɗaya ce: lafiya lau.

Kafin a tashi aiki baƙuwar ta sami suna. Kunnen Oga.

Ita kuwa kullum sai ta zo. Ta ja kujerar roba ta zauna nesa kaɗan da teburin, inda take hango fuskar kwamfutar. Ba ta da surutu. In Sista ta danna abu ba daidai ba ta goge, sai ta ji idon yarinyar a ƙeyarta. In ta waiga sai ta ga tana latsa wayarta. Me take rubutawa, wa take tura wa, Allah masani.

Abin da ya ƙara tabbatar wa Sista zarginta shi ne, da rana ta yi sai baƙuwar ta ɗauki jaka ta nufi ofishin Babban Likita, ta jima a ciki. Ana cikin haka kuma aka sallami wata mai shara. An ce rashin zuwa aiki ne ya ja mata, amma Sista ta taɓa ganin baƙuwar tsaye da ita a baranda suna magana. Ba ta nemi wani bayani ba.

Har gida ta kai maganar. Maigidanta, tsohon direba ne da ya ajiye aiki, mutum mai son tsokana. Ya ce shi a saninsa ɗan leƙen asiri ba ya zama a fili kan kujerar roba, kowa na kallonsa. Ya tambaye ta ko ta taɓa zama da yarinyar ta ji ta bakinta. Sista ta ce shi ya sa bai taɓa shugabantar kowa ba sai sitiyari. Ya yi dariya ya ce ai sitiyarin bai taɓa kai shi gaban hukuma ba.

Wata rana da aiki ya ɗan lafa, baƙuwar ta matso kusa da teburin.

"Sista, don Allah in yi tambaya. Na ga kamar in sabis ya ɗauke ya dawo, shafin yakan koma kan majinyacin da aka duba a baya. Kin taɓa lura da haka?"

Sista ta janye yatsanta daga kan kwamfutar. Ta sani sarai. Ya sha faruwa da ita, tana cikin shigar da bayanin wani sai ta ga ashe a shafin wani take. Duk lokacin takan goge a ɓoye, ta ɗora laifin a kan yatsanta da tabaraunta. To yanzu in ta ce e, ai ta sa hannu a takardar korarta da kanta.

Ta ɗago ta dube ta.

"'Yar nan, mu nan lafiya lau muke aiki. Ba mu taɓa ganin haka ba."

Baƙuwar ta bi sauran nas-nas ɗaya bayan ɗaya da tambayar. Kowacce ta ba ta amsar da aka koya mata. Ta yi godiya ta koma kujerarta.

A ɗakin akwai wani dattijo da ake kira Baba Kafinta, ciwon ƙafa ne ya kwantar da shi. Mutum ne mai barkwanci, kullum cikin zagin wanda ya ƙera lokar gefen gadonsa yake, wai ko almajirin kafinta na satin farko ba zai buga ƙusa haka ba. 'Yarsa ce ke jinyarsa. A gadon da ke kusa da shi kuma akwai wani mai ciwon suga.

Ran nan a zagayen safe likita na sauri. Ya tsaya a bakin teburi yana faɗin magani, wata nas da ake kira Maman Biyu tana shigarwa a kwamfutar da Sista ta bari a buɗe. Ta gama da Baba Kafinta, ta buɗe shafin mai ciwon suga. Sabis ya ɗauke, ya dawo. Likita ya faɗi allurar suga da za a yi, ta rubuta, ta tashi da gudu saboda wani na amai a ƙarshen ɗaki.

Nas ɗin da ta karɓi aikin rana ba ta daɗe da dawowa daga hutu ba, ba ta san majinyatan sosai ba. Ta duba kwamfuta, ta ga allura a shafin Baba Kafinta, ta yi masa.

Sista Babba ta riga ta rataya jakarta za ta tafi gida, sai 'yar Baba Kafinta ta tare ta. Ta ce Baba yana wani irin gumi, kuma maganarsa ba ta fita daidai.

Sista ta je ta duba. Jikinsa sharkaf da zufa, hannu na rawa, ido ya juye. Ta tambayi me aka ba shi. Da ta ji, ta yar da jakar a ƙasa. Ta gwada sugansa ta ga ya yi ƙasa sosai. Ta sa a kira likita, ta nemi jijiya a hannun da ya riga ya yi sanyi, ta samu, aka ɗura masa ruwan suga.

Da ƙyar Baba ya buɗe ido. Bai gane 'yarsa ba sai can da yamma.

Washegari Babban Likita ya kira Sista ofis. Bai ce ta zauna ba. Ya ce kwamfuta ta nuna da sunanta aka shigar da allurar. Ya ce kuma ya san sun mayar da lambarta ta kowa da kowa. Ya tambayi wace ce ta rubuta.

Sista ta san Maman Biyu ce. Ta kuma san mijin Maman Biyu ba shi da aiki, albashin nan shi ke riƙe da gidan. Ta ce, "Ranka ya daɗe, sunana ne a kai, kuma ni na bar ta a buɗe. Ni za a tambaya."

Ya ce to ta shirya, kwamiti zai zauna a kanta.

Ta fito idonta ya rufe. Maganar lamba ita ke ƙona ta. Wa ya kai masa? Su dai nas-nas ba za su tona wa kansu asiri ba. Mutum ɗaya ne ke zaune yana kallo tun safe har rana, sannan ya ɗauki jaka ya shiga ofis.

Ta tarar da baƙuwar a kujerarta. A gaban majinyata da masu jinya ta zazzage mata abin da ke cikinta. Ta kira ta munafuka, ta ce burinta ya cika, ta je ta karɓi ladan gulmarta. Ta ce in dai ita ce shugabar ɗakin nan, ko da na yau kaɗai ne, kar ta ƙara ganin ƙafarta a ciki.

Baƙuwar ta miƙe, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Sista, ban kai sunan kowa ba." Sista ta nuna mata ƙofa. Ta ɗauki jakarta ta fita.

Ranar zaman kwamiti Sista ta shiga ta tarar da Babban Likita, da shugaban masu ba da magani, da wani mai kwat daga kamfanin da ya haɗa manhajar. A can gefe kuma ga baƙuwar zaune. Sista ta ce a ranta, shi ke nan, an kawo mai shaida.

Mai kwat ya fara magana. Ya ce manhajarsu ba ta kuskure, abin da aka danna shi take yi. Matsalar ita ce tsofaffin ma'aikata da ba su son koyon sabon abu. Sista ta sunkuyar da kai, don ita ma haka ta yarda.

Sai baƙuwar ta nemi izini. Ta ce ba ta da dogon bayani, tana roƙon kwamiti ya taso a je gaban kwamfutar ɗakin maza.

Aka ɗunguma aka tafi. Nas-nas suka ja gefe suna kallo. Ta roƙi mai kwat ya buɗe shafin gwaji da hannunsa, wanda ba na majinyacin gaske ba. Ya buɗe na mutum ɗaya, ya rufe, ya buɗe na biyu. Ta sunkuya bayan teburi ta zare wayar sabis, ta ɗan jira, ta mayar.

Shafin ya yi fari, ya dawo. Komai yana nan kamar yadda yake, layin rubutu na jira. Ta ce su duba sunan da ke sama. Sai da Babban Likita ya matso da fuskarsa sannan ya iya karantawa, don rubutun ƙanana ne, launinsu dishi-dishi. Sunan mutum na farko ne.

Mai kwat ya ce a sake. Aka sake, haka ta ƙara yi. Ya ciro hankici ya goge wuya.

Baƙuwar ta ce a wani asibitin da ta fara zuwa wata nas ta taɓa yi mata ƙorafin haka, amma ba a gano dalili ba. Da ta zo nan ta ga abin da idonta, sai ta kai wa Babban Likita, shi kuma ya kira kamfani. Kamfani ya ce ba ɗakin da ya kai kuka, a kawo wanda abin ya faru da shi. Ta bi nas-nas tana tambaya, ba ta samu ko mutum ɗaya ba. Sai bayan abin da ya sami Baba ne ta roƙi a ba ta kwamfutar ofis, ta yi ta gwadawa har ta gano inda matsalar take.

Babban Likita ya ce ya gani. Amma har yanzu yana son sanin wadda ta rubuta, kuma ita baƙuwar tana zaune a wurin ranar.

"Na sani, ranka ya daɗe, amma na yi musu alkawari."

Ya girgiza kai. "Ke dai ba ki canzawa. Tun zuwanki nake tambayarki su wa kwamfuta ta gagara, kin hana ni. Maganar lamba ma sai da na ga sunan Sista yana aiki a ranar da take hutu sannan na gane."

Sista Babba ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta kasa ɗaga ido ta dubi inda yarinyar take.

Ana cikin haka Maman Biyu ta fito daga cikin nas-nas, ta ce ita ce ta rubuta. Ta ce abin ya sha faruwa da ita, ta ɗauka saurinta ne. Wata ma ta ce ita ma haka. Nas ɗin rana ta ce ita ma. Ashe kowacce ta daɗe tana gogewa a ɓoye, tana zaton ita kaɗai ce ba ta iya ba.

Ba a kori kowa ba. Amma ba a tashi haka nan ba. An ba Sista gargaɗi a rubuce kan raba lambarta, kuma ƙarin girman da take jira ya wuce ta a wannan karon. An ja kunnen Maman Biyu da nas ɗin rana, har da likitan da ke faɗin magani a tsaye. Kamfani ya gyara manhajar, ya ƙara girman sunan majinyaci, aka kuma ƙaro kwamfuta a ɗakin.

Duk wannan bai dami Sista kamar Baba Kafinta ba. Ya warware, amma barkwancin nan ya tafi. Duk nas ɗin da ta nufo shi da allura sai ya janye hannu ya dubi 'yarsa. Ba a jima ba 'yar ta nemi sallama ta mayar da shi wani asibiti. Sista ta bi su har bakin mota tana ba da haƙuri. 'Yar Baba ta ce ta gode da ceton da ta yi masa, amma ta ji an ce an taɓa tambayarsu game da na'urar suka ce lafiya lau. Ta rufe ƙofar mota.

Sista ta bi motar da kallo har ta fita daga asibitin.

Daga nan ta wuce neman baƙuwar. Ta same ta a benci ƙarƙashin matakala, don tun ranar da aka kore ta ba ta sake shiga ɗakin ita kaɗai ba. Sista ta zauna kusa da ita. Ta ce a gaban mutane ta ci mutuncinta, don haka a gaban mutane za ta ba ta haƙuri, amma ta ga ya kamata ta fara zuwa ita kaɗai.

Baƙuwar ta ce ta yafe. Ta ce ita ma da nata laifin. Bai kamata ta bari Babban Likita ya shigo da ita ba, ga shi kuma kullum tana ofishinsa, alhali rabin zaman cajin waya ne ke kai ta, don nan ne kaɗai soket ke aiki. Mai sharar nan kuwa hanyar banɗaki ta tambaye ta.

Sista ta rasa dariya za ta yi ko kuka. Ta kama hannunta ta ja ta har ɗakin maza, ta tsaya a inda ta zage ta, ta nemi gafararta kowa na ji. Sannan ta ce wa nas-nas duk mai abin faɗi game da na'urar nan ta zo ta faɗa, ita za ta fara. Ranar sai da baƙuwar ta roƙi a bar sauran sai gobe.

Da aikinta ya ƙare a asibitin, ta zo sallama ta faɗi inda za ta je gaba. Sista ta san shugabar nas-nas ɗin can, tare suka yi makarantar jinya. Tana komawa gida ta kira ta a waya.

Ba ta gama gaisuwa ba ƙawar ta rage murya. Ta ce dama tana son kiranta. An ce za a turo musu wata mai bincike, ta riga ta tara yaranta ta ja musu kunne kar wanda ya buɗe baki.

Sista Babba ta gyara zama.

"Ƙawata, kina da majinyaci mai ciwon suga a ɗakinki?"

Ta ce tana da su, har da yawa.

"To nemi wuri ki zauna. Kar ki katse ni sai na gama."

Darasi: Zargi ba hujja ba ne, ko da ya yi kama da gaskiya ta kowace fuska. Kafin ka yanke wa mutum hukunci, zauna da shi ka ji abin da ya kawo shi. Kuma in ka ga matsala a wurin aikinka, musamman inda ran mutane ke hannunka, ka faɗa ko da kana tsoron a ce kai ne ba ka iya ba, domin shirun da ka yi don kare kanka wani ne zai ji a jikinsa. Ku tura wa 'yan uwa da abokan aiki, musamman ma'aikatan lafiya, wataƙila akwai mai ɓoye irin wannan a yau.